An Jefa Ni

(Wannan shi ne jawabin da na yi a zaman maraba da sababbin masu bak na unguwarmu. Waɗanda ba su samu zuwa ba sun ce in sa shi nan. Na gyara kaɗan, saura na bar shi yadda na faɗe shi.)

Iyayenmu da suka bar ayyukansu suka zo, sannunku, mun gode. Ƙannena da suka samu bak bana, barkanku da arziki. Waɗanda ba su samu ba kuma suka daure suka zo suka zauna cikinmu, ku ne kuka fi burge ni yau.

Da tambaya zan fara, kuma ga yayyenku nake yin ta, waɗanda suka riga suka shiga jami'a. Cikinku wa aka taɓa tambaya me kake karantawa, ya amsa da cewa "an jefa ni wuri kaza"? Ku ɗaga hannu, ba kunya. To. Ku sauke, na gani. Ni ma nawa yana sama.

Ku saurari maganar nan da kyau. Mutum biyu suna zaune a amfi ɗaya, malami ɗaya, darasi ɗaya. Na farko ya ce "ina karatun tarihi". Na biyu ya ce "an jefa ni tarihi". A maganar na farko akwai mai aikin, shi ne da kansa. A maganar na biyu babu shi sam, sai wani "an" da ba a san ko wane ne ba, shi kuma ya zama abin jifa kamar hoge. Wanda ke ganin kansa haka, ran da karatu ya yi tsanani ba ya da dalilin daurewa, tunda ai ba shi ya kawo kansa ba. Abin da nake son mu tattauna yau shi ne yadda ɗalibi ke tashi daga maganar ta biyu ya koma ta farko, da kuma wanda ke taimaka masa ya yi wannan tafiya.

Ni tun ina koleji ake ce mini Likita a gidanmu. Ban san wanda ya fara ba. Na dai iya lissafi da kimiyyar halittu, kuma ni ce ta farko a zuri'armu da ta wuce firamare, to sai sunan ya bi ni. Har tsofaffin garinmu in na je hutu sukan miƙo mini takardar magani in karanta musu, su ce Likita duba muna wanga. Na yi bak D, na samu, amma makina bai kai na shiga fannin likita ba. Da sunaye suka fito sai na ga nawa a fannin da na rubuta na ƙarshe don kawai kada in bar gurbin fayau: jeoloji, ilimin ƙasa da duwatsu. Da na gaya wa Baba sai ya yi shiru, can ya ce, "Duwatsu kuma? To mi za a yi da su?" Ban da amsa. Ni ma tambayar da ke raina ke nan. A gari kuwa ba wanda ya daina kirana Likita, ni kuma ban gyara wa kowa ba. Shekara biyu ina ɗauke da sunan da ba nawa ba a gida, a makaranta kuma ba ni da suna ko ɗaya, sai lamba.

Ba zan faɗi jami'ar da na yi ba, don abin da zan ba ku labari bai da gari. Ranar farko na shiga amfi na tarar da mutane sun cika shi har matakala. Malami ya zo, ya yi magana awa biyu, ya fita. Ba wanda ya ce mana ga yadda ake ɗaukar darasi in ba a yi maka shifta ba, alhali mu daga lise muka fito inda mushe ke faɗa muna rubutawa har waƙafi. Ana ta ambaton kiredi, ana ambaton UE, ana cewa wannan ya "valide" wancan bai yi ba. Kowa yana gyaɗa kai kamar ya gane, ni ma sai na gyaɗa. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na je tagar wani ofis in tambaya. Aka ce mini ba nan ba ne. Na je inda aka nuna, aka ce in dawo gobe. Da na dawo, tagar a rufe. Ban sake komawa ba.

Ƙarshen shekara sakamako ya fito, na ga na faɗi a darussa uku. Na haɗa kayana na hau mota na tafi gida da kuka. Abin da ban sani ba, biyu cikin ukun nan ana iya ceto su a jarrabawar zagaye na biyu, wadda muke ce wa ratirapaj, kuma da na ci su da na wuce aji na gaba da bashin ɗaya. An liƙa sanarwar a allo, gaskiya ne, bayan na tafi. Shekara guda ta rayuwata ta tafi a kan bayanin da mutum zai yi maka cikin minti biyar.

Amma asarar shekarar ba ita ce ta fi yi mini illa ba. Abin da ya fi shi ne hukuncin da na yanke wa kaina. Ban ce tsarin nan ba a bayyana mini shi ba. Cewa na yi: ashe ni ba ƴar jami'a ba ce, ƙwaƙwalwata ta lise ce, a nan ta tsaya. Haka yaro ke yi. In ya rasa bayani, kansa yake tuhuma.

Daga baya na ci karo da littafin wani masanin zamantakewa Bafaranshe, Alain Coulon, mai suna Le métier d'étudiant, wanda ya fito a 1997. Ɗaliban shekarar farko ya bi a jami'arsa ta Paris 8, ya kuma nuna cewa zama ɗalibin jami'a sana'a ce da ake koya, kamar ɗinki ko ƙira. Ya kasa shigar ɗalibi gida uku: lokacin baƙunta, inda komai baƙo ne gare ka, lokacin koyo, inda kake lalube, sai lokacin da ka zama ɗan gida, ka san dokoki har ka san yadda ake sarrafa su. Wanda bai kai mataki na uku ba, shi ne ke faɗuwa ko ya gudu, ko da kuwa yana da kai. Wallahi da na karanta sai na ji kamar a bayana ya zauna a amfi. Idan ɗan Faransa, da ke karatu da harshen da aka yi masa tawai da shi, yana jin baƙunta a jami'ar garinsu, to ina ga ƴar ƙauye da ta fara jin Faransanci tana shekara bakwai?

Kuma ba kowa ne baƙo daidai da kowa ba. Tun 1964 Bourdieu da Passeron suka rubuta littafi kan ɗaliban da suka kira magada, wato waɗanda suka gaji sanin makaranta daga gida. Mu ma muna da su. Ɗan ma'aikaci, wanda babansa ko yayarsa suka yi jami'a, yana da mai ba shi shawara a bakin kwanon tuwo. An gaya masa wane fanni ke kai wa ina, an gaya masa ana iya zuwa a gaida malami a ofis a yi masa tambaya, ba a cin mutum. Ba laifinsa ba ne, Allah ya ƙara masa. Amma ɗan manomi da ƴar mai tuyar ƙosai, in jami'a ba ta tanadar musu wanda zai yi musu wannan bayani ba, to an haɗa su tsere da mai keke, su a ƙasa.

Kada ku ce mini ba a ba da shawara a jami'o'inmu. Ana bayarwa, kullum, dare da rana. Tambayar ita ce wa ke bayarwa. Dwayan-dwayan ne, tsofaffin ɗalibai, da ƴan ɗaki, da fada wurin shayi, da zauren WhatsApp na aji. Kuma ina cire musu hula. Ƙungiyoyin ɗalibai ƴan gari ɗaya su ne ke tarbar baƙo a tasha, su ba shi katifa a ɗakin da ya riga ya cika, su nuna masa layin resto da inda ake kai dosiyen burs. Ba don su ba da yawanmu ba mu kai wata biyu ba. Sai dai ku duba irin shawarar da ke fitowa daga can idan aka zo kan karatu kansa. "Goma ta isa, kada ki kashe kanki." "Mushe wane ba ya ba da maki, haddace fotokopinsa ki mayar masa da abinsa." "Kada ki yi tambaya a aji, za a sa miki ido." Wannan shawarar tsira ce, daga bakin wanda shi ma da ƙyar ya tsira. Tana fitar da kai daga shekara, amma mutumin da take ginawa shi ne wanda ke kallon ilimi kamar shingen jandarma: a lallaɓa a wuce. Sai ka ga mutum ya fito da lisans a tattalin arziki bai taɓa jin cewa shi masanin tattalin arziki ne ba, ko na minti ɗaya. Ya dai tsallake.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya juya ni, don kada ku ɗauka kuka na zo yi.

A shekarar da na maimaita, an fita da mu daji aikin gani da ido. Muna tsaye bakin wata rijiya, rana ta take, kowa ya gaji, ni ina can baya kamar kullum. Malamin da ya kai mu, wani dattijo marar yawan magana, ya bar Faransanci ya juya Hausa ya ce, "Wa ya taɓa jan ruwa da hannunsa a nan?" Ƴan birni suka yi dariya. Ni kuma hannuna ya tashi kafin in hana shi. Ya ce, "Ɗiyata, matso. Rijiyar garinku gaba nawa ce?" Na ce talatin da biyu, Mushe. Ya ce, "Kullum?" Na ce a'a, in bazara ta yi nisa sai an ƙulla wa igiya gaba biyu, wani lokaci uku. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce Inna ta ce lokacin da aka kawo ta gidan, gaba ɗaya ake ƙarawa. Ya tambaye ni kalar ƙasar da ke fitowa in ana yasa, na gaya masa. Ya tambaye ni ko ruwan gabas da gari da na yamma ɗanɗanonsu ɗaya, na ce na yamma yana da kanwa-kanwa, ba a son shi a fura.

Sai ya juya ga sauran ya ce musu, da Faransanci yanzu, abin da yarinyar nan ta ba ku shi ne zurfin ruwan ƙasa, da hawa da saukarsa cikin shekara, da yadda yake ja baya cikin shekara ashirin, da bambancin sinadarinsa daga wuri zuwa wuri. Ya ce akwai ma'aikatan da ake biya su zo da mota su auna abin da uwarta ta sani da tafin hannunta. Kafin mu hau mota ya ce mini, "Ranar Talata da ƙarfe goma ina ofis. Ki zo da kaye."

Na je. Ƙofa a buɗe, ya ba ni kujera. Abin da ya fara tambayata shi ne me na so in karanta tun farko. Na ce likita. Bai ce in manta ba, bai kuma ce jeoloji ta fi ba. Ya ce me ya sa likita? Na ce don yaran garinmu suna yawan ciwo. Ya ce wane irin ciwo? Na fara lissafi: gudawa, ciwon ciki, tsargiya. Ya bar ni har na ji da kunnena abin da nake faɗa. Sannan ya ba ni labarin Tibiri, nan kusa da Maradi, inda aka samu ɗaruruwan yara da haƙora suka dafe, ƙafafu suka lanƙwashe, saboda ruwan rijiyar burtsatse da suka sha shekara da shekaru yana ɗauke da sinadarin fuliyo fiye da kima. Ya ce likita ya gan su bayan ƙashi ya riga ya tanƙware. Wanda zai iya ganin abin kafin yaro ya kai kofi baki shi ne mai ilimin ruwan ƙasa. Ya kuma bayyana mini dalilin da ya sa Damagaram ke fama da ƙishirwa tun kakanni: garin a kan dutse mai tauri yake zaune, irin wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsaga, shi ya sa ake janyo ruwan daga nesa. Daga nan ya ɗauki takarda ya zana mini shekaru ukun lisans, zango shida, kowane zango kiredi 30, jimla 180, ya nuna mini waɗanne darussa ke kai mutum ga fannin ruwa, da waɗanda ba a wasa da su in ana son mastar.

Duka zaman bai kai minti arba'in ba. Bayan haka na koma wurinsa wataƙila sau biyar har na gama. Bai ƙara mini maki ko rabi ba, ya ma taɓa ba ni takwas. Amma daga ranar, in aka tambaye ni me nake karantawa, sai in ce ilimin ruwan ƙasa nake yi. Na fara zama gaba. Na fara tambaya. Hutun da ya biyo baya na ɗauki igiya da mita na bi rijiyoyin garinmu da na ƙauyukan kewaye ina aunawa, mutane suna cewa Likita ta zautu. A kan su na rubuta memuwar ɗina. Baba kuwa, ran da na zauna na bayyana masa, ya ce, "Ashe ke likitar rijiya ce." Har yau haka yake gabatar da ni ga baƙi.

Guga ma jefa shi ake yi cikin rijiya. Abin da ya raba shi da hoge, akwai igiya, kuma akwai mai riƙe da ita a sama.

To amma abin da ke ci mini rai shi ne wannan: sa'a ce. Da ban ɗaga hannu ba fa? Da wani malami ne ya kai mu a ranar? Cikin waɗanda muka fara tare, na san waɗanda suka fi ni kai nesa ba kusa ba, yau ɗaya yana kabu-kabu, ɗaya ta yi aure ta ajiye, ɗaya ya bi hanyar Agadas. Ba na raina sana'ar kowa ko auren kowa. Abin da na sani shi ne ba zaɓa suka yi ba, sulalewa suka yi, kuma ba wanda ya lura da ranar da suka daina zuwa. Makomar ɗan talaka bai kamata ta rataya ga ko ya yi gamon katar da malamin kirki a bakin rijiya ba.

Sai dai in ja kunnenmu, don kada mu fita nan muna cewa a ba mu masu shawara kawai, shi ke nan. Shawara ma tana kisa. Wani masani ɗan Amurka, Burton Clark, ya nuna a 1960 yadda wasu kwalejojin ƙasarsu ke amfani da masu ba da shawara wajen sanyaya wa ɗalibi gwiwa a hankali: ba a kore ka ba, ana dai lallashinka da murmushi har ka yarda da bakinka cewa burinka ya fi ƙarfinka, ka koma ƙaramin abu kana godiya. Ƴan uwana mata, mun san wannan murmushin. "Ke da za ki yi aure, me za ki yi da lissafi?" "Nemi abin da zai bar ki ki riƙe gida." "Aikin daji ba na mace ba ne." Mai faɗa yana ganin taimako yake yi. Ni an faɗa mini na ƙarshen nan fiye da sau goma. Kuma ɗan ƙauye ma ana yi masa irinta: kai dai samu abin da za ka yi saurin kama aiki. Wani lokaci gaskiya ce, gida na jiran ka, ba a musu. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya shimfiɗa maka hanyoyi da abin da kowace za ta ci maka, ya bar ka ka zaɓa, da wanda ya dube ka ya yanke iyakarka. A fagen nan tun 1972 wani mai suna Crookston ya raba su biyu: mai shawara irin na rubuta magani, ka zo ya rubuta ka tafi, da mai shawara irin na koyarwa, wanda ke tambayarka har ka gano da kanka. Dattijon nan nawa bai taɓa ce mini yi kaza ba. Tambaya ya yi ta yi.

Wani abu kuma da ba a son faɗa a taro, ni zan faɗa tunda iyayenmu na nan. Ɗalibai mata da yawa ba sa zuwa ofishin malami namiji, ba don ba su da tambaya ba. Tsoro suke, na abin da zai iya faruwa a ciki, da na abin da za a faɗa a waje ko da ba abin da ya faru. Duk tsarin shawarar da bai yi lissafin wannan ba, na maza ne kawai. Shi ya sa na ambaci cewa ƙofar dattijon nan a buɗe take. Ba ƙaramin abu ba ne. Lokaci sananne, wuri sananne, ƙofa buɗe, in da hali ɗalibai biyu ko uku tare, kuma a san inda za a kai ƙara in wani ya wuce gona da iri.

Kuma adalci ne mu faɗi halin da malaman ke ciki. Har zuwa 2010 jami'ar gwamnati ɗaya ce tak a ƙasar nan, ta Yamai. A shekarar aka mayar da cibiyoyin Maradi da Tawa da Damagaram jami'o'i, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Abin alheri ne, ɗan Gobir ko ɗan Adar ba sai ya ƙetare ƙasa ba kafin ya ga amfi. Amma masu bak suna ƙaruwa kowace shekara, malamin da ke gaban ɗaruruwan ɗalibai, yana gyaran takardunsu, yana bin masu memuwar, wani lokaci yana hawa mota ya je wata jami'ar ya koyar, ba za ka ce ya san sunan kowa ba. Ga shekarun karatu da ke hawa kan juna. Na yarda da duk wannan.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce shawara ƙari ce, sai an samu sarari. Tsarin LMD da muke ciki, wanda ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007, an gina shi ne a kan cewa ɗalibi zai yi kaso mai yawa na aikin da kansa, zai zaɓi hanyarsa, zai tara kiredinsa. Tsarin da ya ɗora wa yaro ɗan shekara 19 wannan nauyi, dole ya zo da mai rakiya. Mun ɗauko lissafin kiredin, mun bar rakiyar a can. A Ingila ɗalibi na da malamin da aka rubuta sunansa a kansa tun ranar farko. Faransa, da muka kwaso tsarin daga wurinta, ita ma da ta ga yawan faɗuwa a shekarar farko ta fito da shiri a 2007 wanda ya haɗa da ba ɗalibai malami mai bin lamarinsu. Ba sai mun je nesa ba ma: ƴan uwanmu da suka yi karatu a Katsina ko Kano ko Sakkwato za su gaya muku kowane aji yana da malamin da ke kula da rajistar darussansa, wanda za ka je wurinsa in lissafinka ya rikice. Ban ce nasu ba ya da matsala ba. Na ce akwai ƙofar da aka san ita ce ƙofar.

Don haka abin da za mu kai gaban shugabannin fannoni da ƙungiyoyin ɗalibai ba ya buƙatar sabon gini. Kowane ɗan shekarar farko a ba shi sunan mutum ɗaya. In malamai ba su isa ba, ga ƴan mastar da masu digirin dokta, a horar da su kwana biyu ko uku, a ba kowane ɗalibai goma sha biyar, a lissafa musu aikin cikin kiredinsu ko a ba su ɗan abin sabulu. Kowane malami ya liƙa awa biyu a mako a ƙofarsa, ya kuma zauna a cikinsu. Dokokin wucewa aji da na ratirapaj a rubuta su a shafi ɗaya, a bayyana su baki da baki a makon farko, a sake bayyanawa kafin jarrabawa. Kuma wanda ya faɗi a zangon farko a kira shi a zauna da shi kafin ya haɗa kaya.

A yi wannan zama da harshen da yaron ke tunani da shi. Darasi ya tafi da Faransancinsa in ya so, amma in mutum zai faɗi abin da ke tsorata shi, a bar shi ya faɗa da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci. Da dattijon nan da Faransanci ya yi tambayar rijiya, na rantse hannuna ba zai tashi ba, don a Faransanci ni mai maimaita aji ce, a Hausa kuwa ni ce na fi kowa sanin abin da ake magana a kai. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 a littafinsa kan ilimi a Afirka ya yi jayayya cewa makarantar da ta yanke yaro daga harshensa da rayuwar mutanensa ba za ta gina ƙasa ba. Shekara sittin ke nan da wani abu.

Kafin su amsa mana, mu ba za mu zauna ba. Yayyen da suka ɗaga hannu ɗazu, ku nake kallo. Kowannenmu ya ɗauki ƙanne uku cikin waɗannan. Ba kuɗi na ce ku ba su ba, na san aljihunku. Kira ɗaya a wata, da zama ɗaya kafin jarrabawa, da ɗaya bayan sakamako ya fito, musamman in bai yi kyau ba. Kuma don Allah in kun zauna da su, ku haɗiye "goma ta isa". Ku tambaye su me suka so tun farko, me ya sa, me suka riga suka sani daga gida wanda fanninsu ke da suna a kansa. Ɗan mahauci da aka jefa fannin kiwo, ƴar mai awo a kasuwa da aka jefa tattalin arziki, jikan mai ba da tarihin sarakuna da aka jefa tarihi, duk suna da rijiyarsu, ba a dai tambaye su gaba nawa ce ba.

Iyaye kuma, roƙona ɗaya. In yaro ya dawo hutu, bayan kun tambaye shi ko ya ci jarrabawa, ku ƙara da cewa ya ba ku labarin abu ɗaya da ya koya. Ko ba ku gane duka ba, ku saurara. Sunan da kuka laƙaba masa tun yana ƙarami, Likita ko Alƙali ko Injiniya, in hanya ta canza ku sauke masa shi da bakinku, don shi ba zai iya ce muku ku daina ba.

Akwai takarda biyu a teburin bakin ƙofa. Ta dama ta yayye ce: suna, fanni, jami'a, lambar waya. Ta hagu ta sababbi ce, ku rubuta fannin da kuka nema da wanda aka ba ku, ko da ba ɗaya ba ne, musamman ma in ba ɗaya ba ne. Mata da ke son a haɗa su da mace su sa alama a gefen sunansu. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu dawo nan mu haɗa kowa da nasa, masu zuwa su zo da takardar makinsu ta bak.